Ranar da Jirgin Rakiya Ya Juya

Tun da suka jefa anga a wajen tashar jiragen ruwa ta Jibuti, Efren Tabujara bai ƙara samun sukuni ba. Ya hau sama, ya sauko, ya leƙa kicin, ya dawo ya goge gilashin ɗakin tuƙi da ya riga ya goge. Shi ne mai riƙe sitiyarin jirgin, mutumin birnin Iloilo, a kan teku furfura ta same shi, amma bai taɓa zaman jiran ɗan rakiya ba sai wannan karon. Shinkafa suka ɗauko, za su ratsa Bahar Maliya zuwa Suwez, kamfani kuwa ya ce kada su motsa sai jirgin yaƙi ya zo. Kullum sai a ce gobe.

Matarsa Nenita ba ta barin waya ta huce.

"Ka ga labarai? Sun sake harbin wani jirgin."

"Shinkafa muka ɗauko, Neng. Wa zai ɓata makami a kan shinkafa?"

"To me ya sa muryarka take rawa?"

"Layin ne ba kyau."

Abin da ke ɗan rage masa zafi shi ne Toto Gelvezon, mai riƙe sitiyarin wani jirgin taki da ke tsaye kusa da su, shi ma yana jiran rakiya. Ba su taɓa ganin juna ba. A rediyo suka haɗu, ranar da Efren ya ji wani yana tsine wa zafin rana da harshen garinsu. Ashe ɗan Gimaras ne, tsibirin da ya yi suna da mangwaro, wanda ake hangowa daga gaɓar Iloilo. Daga nan tsokana ta ƙullu.

"Manong, yayana mai shinkafa, kana nan ko tsoro ya kashe ka?"

"Ina nan, ɗan mangwaro. Ka matsa da jirginka, warin kashin kaji ya hana mu cin abinci."

"Taki ne na zamani, tsoho! Ba don shi ba, da shinkafar taka ba ta tsiro ba."

Da sassafe wata rana jirgin yaƙin ya iso, mai launin toka, siriri, bai kai rabin nasu ba. Efren ya daɗe yana kallonsa, ransa bai kwanta ba. Wannan ɗan abin ne zai tare musu wuta? Wata mace ta yi magana ta rediyo, muryarta a natse kamar mai karanta farashin kifi: jirgin shinkafa a gaba, na taki a baya, su kuma za su bi ta ɓangaren gaɓar Yaman. Kyaftin Villaruel ya sa kowa ya ɗaura hular kwano da rigar ceto, wanda ba ya bakin aiki ya sauka ɗakin ciki ya rufe ƙofa.

Suka shiga mashigin Babul Mandab da hantsi. Ruwa lumui, sama fes, duwatsun gaɓa jajaye a hannun dama. Wannan lafiyar ce ta fi damun Efren. Gumi ya jiƙa masa riga a ƙarƙashin rigar ceto, hular ta matse masa goshi, idonsa na kan allurar da ke nuna hanya, amma rabin hankalinsa na sama.

Rana ta take tsaka sa'ad da matar ta sake magana, wannan karon da sauri: jirage marasa matuƙi na tafe daga gabas, kowa ya nisanci tagogi. Kafin ta rufe baki jirgin yaƙin ya yi aman wuta. Wani abu ya tashi daga gabansa ya ja farin hayaƙi ya nufi sama, can nesa aka ga walƙiya, baƙaƙen tarkace suka zubo cikin teku. Bindigarsa ta kama ruri ba ƙaƙƙautawa. Jirgi marar matuƙi na biyu ya faɗo kusa da su har ruwa ya fantsamo kan murafun shinkafa.

"Sun kakkaɓo shi!" in ji mataimakin kyaftin, yana dariyar da ba ta daɗi ba.

Sai suka ji wata ƙara daban daga baya, mai nauyi, wadda ta ratsa ƙarfen da suke tsaye a kai. Kyaftin ya ruga tagar baya. Makami mai linzami ya sami jirgin taki kusa da ɗakin tuƙi, hayaƙi rawaya da baƙi yana murtukewa sama. Rediyo ta cika da ihun neman agaji, kuma ba muryar Toto ba ce.

"Jirgin shinkafa," in ji matar, "ku ci gaba da iyakar gudunku, kada ku tsaya. Za mu koma wurinsu."

Efren yana gani jirgin mai launin toka ya karkata, ya yanka farin kumfa, ya ba su baya.

"Kap, mu juya."

"Riƙe hanyarka."

"Kap, mutanenmu ne a ciki!"

"Na sani!" Kyaftin ya juyo, idanunsa jajur. "Mu juya mu yi musu me? Mu zama na biyu? Akwai mutane a ƙarƙashin ƙafarka su ma, Efren. Riƙe hanya."

Ya riƙe. Ya danne hannuwansa a kan sitiyari har yatsunsa suka yi fari. Yanzu su kaɗai ne a kan ruwa, ƙaton jirgi mai nauyin tafiya, ba ko bindigar harbin tsuntsu a cikinsa. Hayaƙin ya yi ta ƙanƙancewa a bayansu. Da la'asar wani ƙaramin kwalekwale mai inji ya ɓullo daga gaɓa ya nufo su gadan-gadan. Mataimaki ya fara addu'a a bayyane, kyaftin ya kai hannu kan ƙararrawar haɗari. Da kwalekwalen ya matso, sai wani dattijo mai zane ya miƙe a ciki ya ɗaga ƙaton kifi sama da hannu biyu, yana tallata musu. Ba wanda ya yi dariya.

Kafin faɗuwar rana wani jirgin yaƙi ya tarye su daga arewa. Kyaftin ya tambayi labarin jirgin taki. Aka ce an kwashe mutanen, amma ba duka ba. Sunaye fa? Ba su da izinin faɗa.

Haka Efren ya yi sauran tafiyar. Mai dafa abinci ya soya masa busasshen kifi da tafarnuwa yadda yake so, ya tsakura ya ture. In ya gama aiki sai ya tsaya bakin rediyo kamar mai jiran kira, in an dube shi ya ce iska yake sha.

Suna jiran layin shiga Suwez Nenita ta kira. A bayanta yana jin kukan zakara da hayaniyar yara.

"Ina Gimaras," ta ce. "Na hau kwalekwale na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan su Toto. Yana raye, Efren. Yana asibiti a Jibuti, ya ƙone a baya da hannu, amma ya yi magana da matarsa. Mataimakin kyaftin ɗinsu ne ya rasu, shi da wani."

Efren ya zauna a bakin gadonsa, wayar na manne da kunnensa.

"Kana ji na? Matarsa ta ce in gaishe ka. Wai ya dame ta da labarinka."

"Ina ji," ya ce da ƙyar.

Da yamma kyaftin ya tara su a ɗakin cin abinci. Kamfani ya aiko cewa in an sauke shinkafar, ta hanyar da suka zo za su koma. Wanda ba ya so yana da damar sauka, ba wanda zai riƙe shi da laifi. Kowa na kallon tebur, ba mai son ya zama na farko.

"Ni zan sauka, Kap," in ji Efren.

Mai dafa abinci ya ɗaga hannu, sai wasu daga ɗakin inji. Kyaftin ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Kun kyauta wa iyalanku," ya ce. "Ni ba ni da wannan damar." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Efren, sun ba mu layin shiga Suwez da safe. Kafin ka sauka, kai nake so a kan sitiyari."