Luba da Jakar Ƙwai Guda Ɗaya

Luba malamar firamare ce a Kurmin Sarki. Tana shekara ta uku da auren Sadisu, direban da ke jigilar ma'aikata zuwa Abuja, sai al'adarta ta ɗauke. Suka ɗauka ciki ne, gwaji ya nuna babu. Daga nan muryarta ta fara kauri, gashi ya tsiro mata a haɓa. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne, har ta kawo mata turaren hayaƙi.

Luba ta ce, "Na gode, amma ni asibiti za ni."

Sai a asibiti na uku Dakta Funmi, likitar mata, ta gano matsalar. Ta ce, "Ƙari ne a jakar ƙwanki ta hagu, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Shi ke fitar da sinadarin maza a jikinki. Sai an yi aiki."

Sadisu ya matso kusa da likita. Ya ce, "Likita, a cire komai da komai, in dai za ta rayu."

"Maigida, dakata tukuna," in ji Luba. "Likita, ta dama fa?"

"A hoto dai lafiyarta lau. Sai mun buɗe za mu tabbatar."

"To in kin tarar da ita lafiya, ki bar min ita da mahaifata. In ba haka ba, ki yi abin da ya dace."

Da hannunta ta rattaba wa takardar amincewa da aikin hannu. Aka cire ta hagu, aka bar sauran.

Bayan wata biyu al'ada ta dawo. Gashin ya ragu. Muryar ba ta koma daidai ba, haka ta koma aji da ita, kanta a sama. Likita ta ce su jira shekara guda kafin ta ɗauki ciki, Luba ba ta taɓa tsallake ranar gwaji ba.

A shekara ta biyu ta samu ciki, ta haifi mace, aka sa mata Ummukulthum. Ranar suna Sadisu ya ajiye mota, shi da kansa ya riƙa raba waina.

Da suka yi arba'in, Luba ta goya jaririyar zuwa asibiti, ta kwance ta, ta ɗora wa Dakta Funmi a cinya.

"Likita, yaushe zan yi mata ƙani?"

Dakta Funmi ta tuntsire da dariya. "Malama, ki yaye wannan tukuna!"