Namijin da Bai Gama Saɓa Ba

Da Mola Ndive ya ɗora ido a kan madubin ƙara girma, sai ya ga ɓarnar da ya yi. 'Yan hannuwa biyun da ke gefen bakin gizo-gizon sun kumbura, gaskiya ne, amma sumul suke kamar ɗanyen wake. Babu ƙugiya, babu lanƙwasa, babu ko ɗaya daga cikin siffofin da masu aikinsu ke dubawa su ce wannan dangin kaza ne. Saura saɓa guda ya balaga. Shi kuwa ya riga ya nutsar da shi a ruwan sifirit na adana matattun ƙwari.

Gizo-gizon na Iya Enanga ne, abokiyar aikinsa a ɗakin binciken ƙwari na garin Buea. A wani ɗan kurmi da ke gefen dutse ta same su, ƙananan masu tsalle, baƙaƙe, da jan gashi a goshi, irin da babu wanda ya taɓa bayyana su. Mata ta tara da dama, namiji kuwa wannan kaɗai, kuma sai da balagaggen namiji za a san dangin da za a sa su. Kurmin ma an sare shi an shuka tumatir. Shi ya sa take rainonsa a kwalba, tana ba shi ƙudajen ayaba, tana jiran ya yi saɓarsa ta ƙarshe.

Da rasuwar yayarta ta kira ta zuwa Limbe, sai ta miƙa wa Ndive kwalbar.

"Mola, ga mijina nan amana. Ƙuda da 'yar raɓa kawai yake so. Kada ka yi masa wa'azi irin wanda kake wa ɗalibai."

"Wannan mijin naki ko sadaki bai biya ba," in ji shi.

Da safen nan ne ya tarar da shi ya lafe cikin saƙa, ya ƙi abinci, hannuwan a kumbure. Ndive mutum ne da ya tsufa a kan matattun samfura, abin da hannunsa ya sani shi ne a adana tun kafin a lalace. Ya ce a ransa ai ya balaga, kuma mutuwa zai yi ya bushe. Bai tsaya ya duba ba. Sai yanzu ya tuna cewa haka suke lafewa idan saɓa ta matso.

Enanga ta dawo cikin baƙaƙen kaya, da ƙunshin kwakoko, gwazar da ake niƙawa a dafa a ganye, ta kawo masa. Tun daga ƙofa idonta ya sauka a kan kwalbar da babu komai a ciki.

"Ina yake?"

"Ya mutu, Iya." Maganar ta fita kafin ya auna ta. "Na tarar da shi a mace, sai na adana."

Ta zauna, ta duba a madubin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ndive ya tsaya yana jiran ta ce ƙafafun ba su nannaɗe ba kamar na wanda ya mutu da kansa. Har so yake ta faɗa.

"Laifina ne," ta ce a hankali. "Ban canja masa ganye ba kafin in tafi. Hankalina na wurin gawa."

"Ba ganye ba ne."

"To mene ne? Bari, Mola, kada ka lallashe ni. Da ba ka yi sauri ba ma da ko gawarsa ban samu ba."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Ya ga yadda makoki ya rame ta, ya gaya wa kansa cewa ba yau ba, alhali ya san ba ita yake tausaya wa ba.

Suka koma gefen dutsen bayan ruwa ya ɗauke, suka karkaɗe duk wani reshe da ya rage a bakin gonakin. Ndive ya fi ta naci, har gwiwoyinsa suka kumbura. Ba su sami ko mace ba.

A ƙarshe ta haƙura. Ta rubuta wa mujalla bayanin gizo-gizon da samfuran mata kaɗai, ta sa alamar tambaya a gaban sunan dangin, ta rubuta a ƙasa cewa ba a san namiji ba. Ta juyo masa da kwamfutar ya karanta. Sunan da ta raɗa wa sabon gizo-gizon, nasa ne.

"Cire wannan, Iya."

"Ji tsoho da kunya! Wa ya yi jinyarsa? Wa ya lalata gwiwa a dutse?"

"Na roƙe ki, ki sa sunan yayarki."

"Yayata tsintsiya take bin su da ita. Kuma ka san doka, suna in ya fita a mujalla ba ya gogewa. Bayan ni da kai mun ruɓe ma haka za a riƙa kiransa."

Ya sani sarai. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin aikawa, ta dube shi tana murmushi, karo na farko tun rasuwar.

"In tura?"

Ndive ya dubi sunansa a jikin allon. Ya ce, "Tura."