Ramin da Ke Bayan Banɗakin Maigida

Adama ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba a waya. "Baba Malachi, wuta ta ja ni a famfon banɗakin Baba. Aikinka ne, sai ka zo ka gani."

Malachi ya ɗora jakar kayan aikinsa a babur yana ƙwafa. Shekara ashirin da huɗu yana aikin wayarin lantarki a garin Keffi, ko kaza aikinsa bai taɓa ja ba. Gidan Maigida Ubale na Jigwada kuwa shi ya ja masa wayar farko, tun Adama, 'yar gidan, tana rarrafe. A zauren nan ya ci tuwon Sallah ya fi a ƙirga. Yau ga shi 'yar da ta girma a gabansa tana kiransa kamar mai kiran ɓarawon akuya.

Wata uku da suka wuce Nasir, babban ɗan gidan, ya kawo wata na'ura daga Abuja, fanka da hita da fitila a jiki ɗaya, don tsohon ba ya son sanyin damina. Malachi ya ja mata waya mai kauri, ya jera makunni uku a wajen ƙofa inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Da yake tsohon gida ne mara wayar ƙasa, sai ya haƙa rami a bayan banɗakin, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya rufe. Ya ɗaure jikin na'urar da famfo da ƙarfen dafawa na bango, wanda ake riƙewa kada a zame, duk a wayar nan, yadda in wuta ta ɓalle za ta bi ƙasa, bireka ta yanke. Maigida da kansa ya riƙe masa bakin buhun gishirin, yana tsokanarsa wai miyar ƙasa yake haɗawa. Bayan mako biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, ya tafi masa da hannun hagu da baki.

Da Malachi ya isa, dattawan ƙofar gida suka amsa sallamarsa a daƙile. Ya lura, ya haɗiye, ya wuce. Maigida yana kan kujera a tsakar gida an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Yana ganinsa ya hau motsa baki, miyau na zuba, magana ta ƙi fita.

Malachi ya kunna hita, ya ɗora testa a kan famfo, ta yi ja. Ya ɗora a ƙarfen dafawa, nan ma ja. Ya ɗaga kai, ga shatin ruwa a silin daidai na'urar, kwano ya yi yoyo a kanta. Wannan ba abin mamaki ba ne a watan Agusta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne me ya hana bireka yankewa. Ya kashe wutar gidan gaba ɗaya ya zaga baya.

Ramin yana nan a hangame, ruwan sama ya cika shi rabi. Sanda babu ita. Wayar kuwa an datse ta da adda, guntunta na lilo a bango.

"Wa ya taɓa mini nan?"

Nasir ya fito daga ɗaki yana gyara hula, ya tsaya nesa. "Mu muka tona."

"Ku. Don me?"

"Injiniya, kai ma ka sani. Gwaggo Amarya ta gan ka da idonta kana binne ƙarfe da gawayi da gishiri a bayan makewayin Baba. Kwana goma sha huɗu cif Baba ya faɗi. Me kake so mu ce? Mun tone, mun zuba a rafi."

Ran maza ya ɓaci. Malachi ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ashe dalilin daƙilewar dattawa ke nan. Ashe wata biyu ana yawo da sunansa a unguwa da tambarin mai sammu, shi ko yana can yana cigiyar abin da ya sa kiran aiki ya ɗauke a Jigwada.

"Nasiru, ni zan yi wa Maigida asiri? Da rana tsaka, shi yana riƙe da bakin buhu? Ka yi digiri, ka zauna a ofis mai sanyi, ba ka taɓa tambayar abin da aka binne a ƙarƙashin ofishin ba? Lambata tana wayarka. Kira ɗaya ya gagare ka, amma ɗaukar adda bai gagare ka ba."

"Ai in da gaskiya ce da ka faɗa mana tun farko."

"Na faɗa wa mai gidan. Ban san sai na bi zawarawa ɗaki ɗaki ina neman izini ba."

Gwaggo Amarya, ƙanwar Maigida, ta leƙo daga labule ta ce a dai yi hattara da baki. Nasir ya samu ƙarfi, ya ɗaga murya. "To in ba komai a ciki, me ya sa tun da muka tone abin yake faɗa da mu? Kwana tara ke nan, da na shiga da Baba wanka sai ya sandare, ya yi ta gurnani, ya riƙe ƙyauren ƙofa. Sai na ɓamɓare yatsunsa da ƙarfi, ana tofa masa addu'a."

Fushin da ke cin Malachi ya koma wani abu mai sanyi, wanda ya fi fushin ciwo.

"Kana kunna masa hita?"

"Kullum. Ai don shi aka saya."

"Kai me kake sawa a ƙafa?"

"Silifas."

"Shi fa?"

Nasir ya juya ya dubi mahaifinsa.

"Ƙafarsa a ruwa ba takalmi. Da me kake zuba masa ruwan, da kofin roba ko? To shi ina yake riƙewa kada ya zame?"

Adama ce ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji ta zauna a bakin rijiya tana salati ƙasa ƙasa. Ita da ta taɓa famfo sau ɗaya da safen nan har yanzu kafaɗarta tsami take.

"Ni nake ɗora masa hannu a ƙarfen," in ji Nasir, muryarsa kamar ba tasa ba. "Yana janyewa ina mayarwa. Ina ce masa, riƙe nan, Baba."

Labulen Gwaggo Amarya ya koma ya rufe. Malachi ya so ya ƙara wa Nasir magana, wallahi ya so, don bakinsa cike yake. Ya dubi tsohon da ke kan kujera hawaye na bin kuncinsa, ya ga ba abin da zai faɗa da ya kai wannan.

Ya hau silin ya cire na'urar ya busar, ya toshe yoyon kwano, ya je kasuwa ya dawo da sabuwar sanda da gawayi da gishiri. Da ya gama kafa sandar sai ya tsaya ya goge hannu a wando.

"A kira dattawan ƙofar gida su shigo. Gwaggo ma ta fito. Ni ba zan zuba ba, kada gobe a ce na sake."

Ya miƙa wa Nasir buhun. A gaban kowa Nasir ya durƙusa cikin caɓi da farar shaddarsa, ya zuba gawayi, ya zuba gishiri, ya mayar da ƙasa da hannu. Malachi ya mayar da wuta, ya kunna makunnan uku, ya tuɓe takalmi, ya taka jiƙaƙƙen daɓe ya damƙi ƙarfen dafawa, ya daɗe a haka yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Aka ce a shiga da Maigida. Nasir ya tallafo shi, suna isa bakin ƙofa tsohon ya cafki ƙyaure da hannun dama kamar kullum. Nasir ya kai hannu zai ɓamɓare yatsun, sai ya fasa, ya tsaya kansa a ƙasa.

Malachi ya matso ba takalmi. "Maigida, ni ne. An haɗa miyar."

Tsohon ya dube shi, ya saki ƙyauren, ya ture hannun ɗansa, ya kama na Malachi.