Kaset a Gwangwanin Biskit

Shagon Engkus a unguwar Ujungberung, gabashin Bandung, bai fi ɗakin girki faɗi ba. Baƙaƙen riguna ne rataye har rufi, kaset-kaset jere a bango, sai wata tsohuwar rediyo mai lasifika biyu wadda ta girmi rabin masu shigowa. Rigunan ba su cika tafiya ba. Abin da ke kawo mutane shi ne kunnen Engkus. Duk mai son sanin wa ke kiɗa mai nauyi a lungunan Jawa ta Yamma, irin makaɗan da gidajen rediyo ba su san da zamansu ba, nan yake zuwa. In Engkus ya sa kaset ɗinku a shago da rana tsaka, kowa ya san kun isa. In bai sa ba, ba ya kushe ku, ba ya cewa komai, mutane kuma sun san abin da shirun ke nufi.

Wata Asabar bayan azahar, ana yayyafi, Imas ta shigo tana kakkaɓe lema. Ita ce ke shirya babban wasan da za a yi a filin ƙwallo ƙarshen wata, mai dandamali da fitilu da tutocin kamfanin sigari. Ta tarar da Oding, abokin Engkus mai gyaran babur, zaune a kan akwati yana kurɓar baƙin kofi.

"Kang Engkus, suna ɗaya nake nema," in ji ta, tana kiransa Kang, wato yaya, yadda ake girmama namiji a nan. "Waɗanda za su buɗe wasa. Kada ka ba ni waɗanda kowa ya sani."

"Akwai makaɗan Huntu Ajag na Cimahi. Mai gangarsu in ya fara, kamar tifa na juye tsakuwa."

"Na ji su. Mawaƙinsu kamar akuya ta maƙale a shinge."

"Ai daɗin ke nan, Teh," in ji Engkus, yana kiranta da lakabin girmama mace.

"Wani dai."

"To, 'yan Cirebon ɗin nan masu jan kiɗa a hankali. Nauyi kam akwai."

"Waƙarsu ɗaya sai mutum ya je ya ci taliya ya dawo ba su gama shimfiɗa ba. Kang, ka san abin da nake nufi. Wanda in an ji shi sai gashin jiki ya tashi."

Oding ya ajiye kofi, ya busa hayaƙin sigarinsa mai ƙanshin kanumfari. "Teh Imas, ki tambaye shi abin da ke cikin gwangwanin biskit."

"Biskit ne a ciki," in ji Engkus.

"Biskit mai gefe biyu, ana juya shi in ya ƙare."

"Kai, ba ka da tayar da za ka liƙe ne yau?"

Imas ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi. Ta ce ta ba shi zuwa Litinin, in bai kira ba za ta ɗauki akuyar Cimahi. Ta buɗe lema ta fita.

Kaset ɗin da ke cikin gwangwanin na wasu mutum uku ne daga Sumedang, masu kiran kansu Sumur Garing, wato busasshiyar rijiya. Awara suke soyawa a bakin titi. Shugabansu Yayat shi ya kawo kaset ɗin da hannunsa a daminar bara, a nannaɗe cikin leda, ya miƙa da hannu biyu ya tafi. Da Engkus ya rufe shago ya saurara, bai iya tashi daga kujera ba har gefe ɗaya ya ƙare. Jitar tana tafiya a hankali, da nauyi, kamar ana jan gungume a taɓo. Can a tsakiya sai komai ya ɗauke, sarewar gora ta shigo ita kaɗai, siririya, sannan ganguna su faɗo mata a ka. Tun yana saurayi yake jin kiɗa, bai taɓa jin makamancinsa ba. Tun ranar bai sa shi a gaban kowa ba, in ban da Oding da ya taɓa kama shi yana ji.

Yana da hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Ya ga abin da babban dandamali ke yi wa makaɗa. A hau sau ɗaya, a ji tafin dubban mutane, sai waƙa ta fara gajarta, sai a ƙirƙiro amshi mai sauƙi don taro ya riƙa bi, sai a cire sarewa domin ba ta tashi a fili. Ya gaya wa kansa cewa tsare su yake yi.

Amma bayan tafiyar Imas tambayar ta ƙi barinsa. Wa ya naɗa shi mai gadinsu? In ma tsoron filin ƙwallo ne, me ya hana shi sa kaset ɗin a nan, a ɗakin da ba ya ɗaukar mutum goma? Ya juya abin ta kowane gefe, yana ninke riguna yana warwarewa. Amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Ba ya son ranar da wani mai sabuwar riga zai tsaya a gabansa ya ce, ai ni na daɗe da sanin Sumur Garing. Duk da haka tsoron nasa na gaske ne. To in mutum yana da dalili mai kyau da dalili mara kyau a kan abu ɗaya, wanne ne ke tuƙa shi? Ya kasa rabewa. Abin da ya iya gani kawai shi ne, bai taɓa tambayar masu kiɗan ba.

Da safiyar Lahadi ya hau babur ya nufi Sumedang.

Ya sami Yayat a rumfarsa, yana tsame awara daga mai da babban mataci. Da ya gane baƙon sai ya goge hannu a riga, ya rusuna, ya jawo benci.

"Kang Engkus da kansa! Ɓatan hanya ka yi?"

"Wucewa nake yi."

"Ta nan ba a wucewa ko'ina, Kang, sai gonar shinkafa." Ya zubo masa awara mai zafi a ƙaramin kwando, da ɗanyen barkono kore a gefe.

Engkus ya tambayi labarin kiɗa. Yayat ya ɗan yi dariya, ya koma kan kaskonsa.

"Mun ajiye. Entis mai gangarmu ma yana ciniki da masu kiɗan biki, za su sayi gangunansa."

"Don me?"

"Ai mun ji hukuncinka, Kang. Ba mu yi fushi ba, wallahi. Na sha zuwa Bandung sayen kaya, in bi ta ƙofar shagonka in tsaya in saurara. Na ji ka sa 'yan Cimahi, na ji ka sa 'yan Cirebon. Na tambayi masu zama wurin ko an taɓa sa namu, suka ce ba su san sunan ba. Sai na ce wa 'yan'uwa, to, wanda ya fi kowa kunne ya ji, kuma ya yi shiru. Gara mu riƙe awararmu."

Awarar da ke hannun Engkus ta ƙona masa yatsa, bai ma lura ba sai daga baya. Duk lissafin da ya yi a shago, bai taɓa kawo wannan a ransa ba, alhali shi ya koya wa garin yadda ake karanta shirunsa.

"Yat," ya ce, "ban sa shi a shago ba domin ni kaɗai nake jin sa. Har ya fara ja saboda yawan juyawa."

Yayat ya tsaya da mataci a sama, mai yana ɗiga. "Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Wato ba muni ya yi ba. Rowa ka yi."

"Rowa da tsoro. Ban san wanne ya fi yawa ba."

Yayat ya fashe da dariya har sai da ya dafa bencin. Ya leƙa bayan rumfa ya ƙwala kira: "Entis! Kada ka karɓi kuɗin mutanen nan! Ashe ɓoye mu aka yi kamar amarya!"

Da dariya ta lafa, Engkus ya gaya masa maganar Imas, bai rage komai ba. Ya kuma gaya masa abin da ya gani a wasu: yadda tafi ke shiga kai, yadda za a zo a ce su rage waƙa, yadda wani mai tabarau zai ce sarewar nan ba ta sayuwa.

Yayat ya saurara har ƙarshe, yana juya awara. "Mai yiwuwa duk haka ta faru, Kang. Amma ka bar mu mu lalace da hannunmu mana. Yanzu ai ko damar lalacewar ba mu samu ba."

Engkus ya goge yatsunsa a wando. Ya ciro waya ya kira Imas.

"Teh, rubuta. Sumur Garing, daga Sumedang."

"Su waye kuma?"

"Masu awara ne. Za ki ji."

"Ka gaya musu da tsakar rana za su hau, rana na dukan ƙeya. Ba kowa a filin sai masu gadi da masu sayar da ruwa."

Yayat ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Teh, mu da muka saba yi wa kaji kiɗa? Masu gadi ai ci gaba ne!"

Engkus ya kashe wayar. Ya ji wani ɗan abu ya fita daga hannunsa wanda ba zai dawo ba, ya kuma tarar rashin bai kai yadda ya zata zafi ba. Entis ya fito daga bayan rumfa da sandunan ganga soke a aljihun baya, yana tambayar wace amarya ake magana. Engkus ya matsa masa wuri a benci, ya gatsa barkono, ya miƙa kwandon a ƙara masa awara.