Hedimasta Ya Yi Afuwa

Shekara talatin da ɗaya Hedimasta ya yi yana riƙe da makaranta, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne: bai taɓa hukunta ɗalibi ba sai ya ji ta bakinsa. Da ya yi ritaya sai ya kwaso halin nan ya kawo ɗakin karatunsa, inda ba kowa sai shi da fanka mai ƙara da tsohuwar kwamfutar da autarsa ta bar masa. A cikinta yake rubuta tarihin rayuwarsa da yatsa biyu. Shekara huɗu ana abu ɗaya, babi sittin da uku, saura na ƙarshe.

Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo imel ɗinsa, wai tsofaffin ɗalibansa ne suka turo hotunan ajinsu. Dattijo ya gyara tabarau ya danna. Nan take manhajar riga-kafi ta cika allo da jan rubutu: ta kama fayil ɗin, ta killace shi.

"Daga zuwansa?" in ji Hedimasta. "Me ya yi? Wa ya ji ta bakinsa?"

Dama can haushin manhajar nan yake ji. Kullum sai ta dame shi a sabunta ta, shi kuwa ya danna "anjima", anjimar da ta kai wata goma sha ɗaya. Tana tuna masa da wani mataimakinsa na da, mai saurin ɗaukar bulala. Ya lalubo inda aka tsare fayil ɗin ya ce a sake shi. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbata. Ta sake tambaya.

"Ke! Ni ke da gidan nan ko ke?"

Ya saki fayil, ya kashe riga-kafin gaba ɗaya don ta shiga taitayinta, sannan ya buɗe. Ko hoto ɗaya bai fito ba. Ya ce ƙila kunya suke ji, ya tafi cin abincin rana.

Da ya dawo, babi na ɗaya ya ƙi buɗewa. Na biyu ma haka. Na arba'in, wanda ya rubuta a kan marigayiya matarsa, wanda ya ci masa wata uku da hawaye ba kaɗan ba, shi ma ya ƙi. Sai ga sanarwa a tsakiyar allo: an kulle masa komai, in yana son kayansa ya biya kuɗi kafin kwana uku. Tun rasuwar matarsa bai ji tsoro irin na ranar ba.

Ya naɗe kwamfuta a tawul, ya rungume ta sai shagon Injiniya. Ita ma ɗalibarsa ce a da. Ita ce ta taɓa kwance agogon ofishinsa don ta ga abin da ke motsi a ciki, ya ji ta bakinta, ya yafe mata. Ta share masa kujera daga tarin wayoyi da matattun madannai, ta zare kwamfutar daga intanet, ta yi ɗan dube-dube.

"Malam, riga-kafin ai ta kama shi. Wa ya sake shi?"

"An tsare shi ba bincike," ya ce, yana kallon silin.

Injiniya ta toshe baki da gefen mayafi har dariyar ta wuce. Sannan ta yi masa bayani: bairos, wato cutar kwamfuta, iri-iri ne. Akwai mai manne wa fayil, duk inda aka kai fayil ɗin ya bi. Akwai mai yawo da ƙafarsa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Akwai mai laɓewa yana leƙen duk abin da mutum ya rubuta ya kai wa ubangidansa.

"Ɗan gulma ke nan. Na yi irinsu a aji uku."

"Naka kuwa, Malam, shigar mutanen kirki ya yi har ka buɗe masa da hannunka. Da ya shiga sai ya kulle kayanka ya riƙe makulli."

"To in na biya fa?"

"Kada ka soma. Ɓarawo ne, ba lallai ya ba ka makullin ba. Kwamfutar kam zan wanke ta tas. Amma kana da kwafin littafin a wani wuri? Filas, ɗan abin adana fayil ɗin nan, ko wani abu?"

Ba shi da filas. Can sai ya zabura: ai duk babin da ya gama yakan tura wa Auta ta imel, ita kuma washegari ta kira ta ce, "Baba, wannan ya fi na baya daɗi."

Aka kira Auta. Ta baro kantin maganin da take aiki, ta iso da farar rigarta tana haki. Ta buɗe imel a wayarta, ta rubuta sunan babanta. Ga su nan reras, sittin da uku, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Hedimasta ya yi hamdala. Ya karɓi wayar yana shafawa, sai ya matso da ita kusa da tabarau.

"Injiniya, me ya sa rubutun duk ya yi kauri haka? Shi ma bairos ne?"

Injiniya ta duƙufa neman wata sukudireba da ke hannunta. Auta ta hau gyaran maɓallin riga.

"Magana nake yi."

"Malam... saƙon da ba a taɓa buɗewa ba ne yake yin haka."

Abin ya yi wa Hedimasta ciwo ƙwarai, ya ma fi na ɓarawon ciwo. Ya dubi autarsa kamar yadda yake duban masu makara a bakin ƙofar makaranta.

"To. Ina jin ta bakinki."

"Baba, aiki ne ya yi min yawa. Kullum sai in ce anjima."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan kwamfutar, ya rufe bakinsa. Ya umarci Injiniya ta kunna riga-kafin nan, ta sabunta ta, ta zuba masa littafin a filas biyu, kuma daga yau duk wanda aka killace ya ruɓe a can. Sannan ya janyo kujera da ƙafa, ya miƙa wa Auta wayarta.

"Zauna. Babi na arba'in. Da ƙarfi, yadda na baya za su ji."

Ta fara karantawa tana murmushin jin kunya. A layi na uku ta ci karo da sunan mahaifiyarta, ta tsaya cak. Injiniya ta miƙa hannu ta kashe rediyon shagon.