Kwamfutar Hidaya a Rumbun Darki

"Malam, in ka taɓa kayan yarinyar nan, abu zai ɓaci," Turai ta faɗa wa mijinta yana daidaita keke a soro. Malam Ja'afaru ya ci gaba da shirinsa. Kwamfutar 'yarsu Hidaya tana cikin buhun da ya ɗaure a baya.

Hidaya tana shekarar ƙarshe a jami'ar Wudil. Tun damina take gyaran wata burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Ta ce wa babanta irinsu da yawa suna tsere. Wadda ta fi yaɗuwa kamfani ne ya kulle injinta, ba mai ganin cikinsa. Wadda take wa aiki kuwa a buɗe take, kuma gyaranta zai sa ta daina maƙalewa a tsofaffin kwamfutoci irin na kafen intanet na garin nan.

Jiya a majalisa Gwadabe mai kafe ya yi masa ƙarin bayani. "Ai da ta tura gyaran, shi ke nan. Bature ya kwasa, ɗan Sin ya kwasa, ko sannu ba sai sun ce ba."

Abin ya tsaya wa Malam Ja'afaru a rai. Yarinya ta rame a kan aiki, sannan wani ƙato ya ɗauka ya ce nasa ne? Shi ya sa da ta fita lacca ya nufi Darki, gidan yayansa Maikano. Ya tarar ana shirin rufe rumbun ajiya. Suka binne buhun cikin gero, Maikano ya ɗora murfi ya liƙe da laka, ya hau babur ya tafi ta'aziyya wani ƙauye.

Da Malam Ja'afaru ya dawo gida ya sami Hidaya tana ɗaga katifa.

"Baba, ina kwamfutata?"

"Tana inda ɓarawo ba zai kai ba, uwata." Sunan mahaifiyarsa ta ci, haka yake kiranta.

"Wane ɓarawo? Baba, yau ake rufe karɓar gyara! In ban tura ba, sabon samfurin burauzar zai fita babu nawa, kuma shi zan nuna wa malamai a jarrabawa."

"To in sun kwashe fa?"

"Don su kwasa na yi. Sunana yana manne da shi, duk wanda ya buɗe zai gani. Wanda aka ɓoye ne ba a san mai shi ba."

Turai ta leƙo daga madafa. "Sai ka faɗa mata a gero ka binne digirin."

Suka tari mota zuwa Darki. A hanya bai iya kallonta ba, sai ya saya mata rake ta taga, ta riƙe ba ta sha ba.

Maikano bai dawo ba. Matarsa Saudatu ta shimfiɗa musu tabarma a gindin rumbun. Hidaya ta dubi lakar, ko bushewa ba ta gama ba, ga tsani a jingine.

"Baba, da hannu ma zan iya ɓamɓare ta."

"Rumbun da mai gida ya liƙe, ba a buɗe shi a bayansa. Ko ni ƙaninsa ban isa ba." Ya zauna a kan tabarmar. "Ki yi haƙuri, uwata. Ni na ja mana."

Ta daɗe tana kallon tsanin. Sannan ta zauna kusa da shi, ta karya raken biyu ta miƙa masa rabi. Ya ce ta sake yi masa bayanin injin nan a hankali. Ta yi. Bai gane duka ba, amma ya gane akwai wasu mutane a ƙasashen da bai san sunansu ba da suke jiran aikin 'yarsa, har suna tambayarta shawara.

Sai bayan la'asar Maikano ya shigo. Da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni dai na ce tun da nake ban taɓa ganin an yi tsimin boko ba!" Ya hau ya fasa lakar, ya miƙo buhun, ya ba su aron babur.

A kafen Sabon Gari babu wuta. Malam Ja'afaru da kansa ya ja igiyar janareta har ta tashi. Hidaya ta busa ƙaiƙayin da ya shiga tsakanin maɓallai, ta kunna, ta tura. Ya tsaya a bayanta yana kallon wani layi yana cika a hankali, yana salati ƙasa-ƙasa.

"Ya tafi," ta ce.

"Sun karɓa?"

"Agogonsu daban da namu, Baba. Kuma sai sun duba tukuna."

Ya goya ta a babur suka koma gida kafin magariba. Har yanzu ba su san ko gyaran ya isa kafin a rufe ba.