Allurar Remedios

Wa ya ba ni izinin datse wa karyata Chispa wutsiya? Na daɗe ina juya tambayar nan a raina ban samu amsa ba, kuma matata Remedios ce ta jefa mini ita, ana saura 'yan kwanaki baftismar jikarmu Candela.

Rigimar ta taso ne a kan 'yan kunne. Na zinariya ne, ƙanana kamar ƙwayar alkama, Remedios ta gada daga kakarta. Duk 'ya macen da aka haifa a danginsu da su take shiga coci, a sabon huji. Nuria, 'yarmu, uwar jaririyar, ta ce sam.

"Mama, in ta girma ta ce tana so, ni da kaina zan riƙe mata kai. In kuwa kika huda ta a bayan idona, kin gama ganinta."

"Jiya a kasuwa mutum nawa suka ce mini, kai, wannan yaro kyakkyawa ne? Yaro fa, Nuria!"

Ni ban yi zurfi a makaranta ba, amma na karanta abin da ya sawwaƙa a shagon gyaran takalmana, don haka na gyara murya. Na ce jikin mutum nasa ne, ba a huda wanda bai iya buɗe baki ya ce ya yarda ba. Har na ji daɗin kaina.

Remedios ta nuna ƙarƙashin tebur da cokali, inda karyata take jiran ɓawon cuku.

"Sannu, shehun malami. Ita wannan da wane bakin ta ce maka ta yarda?"

Na ce ai ƙaya ce ke yage wa karen farauta wutsiya a daji.

"Wane daji, Eusebio? Karyar da ko zomo na cikin tukunya tsoronsa take ji?"

Nuria ta ƙyalƙyale da dariya, ita da nake tare wa faɗa.

"Ka saurara, tsoho," in ji Remedios. "Kafin baftismar ranar Lahadi zinariyar nan za ta shiga sabon kunne. Tunda mai baki kake nema, ga ka nan, bakinka ba ya hutawa."

"Allah ya kiyaye! In shiga dandali da ɗan kunne, abokan kartata su ci namana ɗanye?"

Na fice. Chispa ta biyo ni tana kaɗa ɗan guntun da na bar mata, na kasa haɗa ido da ita. Ubana ne ya riƙe ta ranar da aka datse wutsiyar, ni na riƙe wuƙa, kuma babu wanda ya yi tunanin akwai abin tambaya.

Ranar Asabar Nuria ta tafi gyaran gashi, ta bar mana jaririyar. Na dawo daga sayen burodi na tarar da ƙaramar tukunya tana tafasa da allura a ciki. Ga toshiyar kwalba da ake tokare bayan kunne da ita, ga ƙanƙara a faranti, ga 'yan kunnen a kan auduga. Candela na barci, hannunta ɗaya a sama.

"Remedios, Nuria fa ba wasa take ba. Za ta ɗauke mana jikarmu."

"Na sani."

"To?"

"To me? Miƙo mini tawul."

Sai na lura ba kusa da gadon jaririya ta shirya kayanta ba. Kujerata ta jawo bakin taga, inda haske ya fi yawa, har da matashi. Ban sani ba ko da gaske za ta taɓa Candela in na ƙi. Mun tsufa tare da matar nan, amma ban taɓa cin ta a caca ba.

Na ajiye burodin, na cire hula, na zauna.

"Ɗaya kawai," na ce.

"Biyu ne, tare suke tafiya." Ta manna mini ƙanƙara a kunne, ta sunkuyo. "Tsaya tukuna, malam. Ban ji ka faɗa ba."

Chispa ta zo ta zauna a gabana ta zuba mini ido.

"Na yarda," na ce, na runtse ido.